Neman Irin Geron Baba

Mun bar Potiskum da asubar fari, ni da mai ɗakina, tun mata ba su fito ɗiban ruwa a unguwar Bolewa ba. Neman iri ne ya tashe mu. Gobara ta cinye rumbuna da bazara, har da zangarkun da na ware don shuka, ga shi hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Gero kam akwai shi a kasuwa, amma namu dabam ne, gajere mai gashi, tsuntsu ba ya son sa. Lokacin da marigayi Baba ya karɓi Almasihu, ya ƙi yin yankan da ake yi kafin shuka, sai yayansa, Baffa, ya hana shi iri daga rumbun gida. Kakarmu ce ta ɓoye zangarniya ɗaya a zaninta ta kai masa. Baba ya durƙusa ya yi addu'a a kanta, ya shuka. Da wannan gero aka raine mu, da shi na raini 'ya'yana. Ban so ya ƙare a hannuna ba.

Motar 'yan kasuwa muka samu, muka zauna a kan buhunan gishiri. Hanya duk gargada, kowane hawa sai direba ya ce maza su sauka su tura, har na rasa ko ni zan biya mota ko ita za ta biya ni. Allunan bakin hanya da kaina na karanta su, baƙi bayan baƙi, yadda ake koya mana a ajin yaƙi da jahilci. Kafin in gama haɗa sunan gari mun wuce shi. A wani zango muka sha fura da nono, ta kwabo ta ƙosar da mu biyu.

Daga Gadaka muka taka da ƙafa zuwa ƙauyenmu, gidan yayata. A wajenmu, a saman murhu ake rataye iri don hayaƙi ya tsare shi daga ƙwari. Ina shiga na ɗaga kai, ban ga komai ba sai igiya.

Ta ce, "Bara ciwo ya kwantar da ni, ban yi noma ba. Na cikin hayaƙin ma na daka wa yara. Je wurin Baffa."

Na ce, "Yaya, Baffan da ya hana Baba?"

"Shi. Ka dai je ka gaishe shi, ƙafarka ba za ta karye ba."

Na tarar da shi a zaune a ƙofar gida, ido ya tafi. Har yau yana kan al'adar kakanni. Ya shafa fuskata ya ce, "Ɗan mai taurin kan nan ne. Hancin ma nasa ne."

Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya ce, "Kana ƙarami aka yi shekarar fara. Rumbuna ko ƙwaya babu. Sai ga ubanka da dami a ka, ya sauke a nan inda kake zaune, ya ce Allahn da ya ba shi bai ce ya ci shi kaɗai ba. Tun daga ranar ban shuka wani gero ba."

Ya sa surukarsa ta sauko da zangarku daga madafa, sun yi baƙi da hayaƙi, gashinsu na nan. Ya ɗora mini a cinya ya ce, "Naku ne. Ajiya aka ba ni."

Mai ɗakina ta juya baya tana share ido da bakin gyale.

Mun dawo gida lafiya, ba mu daɗe ba ruwan shuka ya sauka. Na je neman iri ina ganin ni ne mai tsaron sa, na dawo na gane Ubangiji ne yake tsare mana shi tun kafin in yi wayo, kuma a gidan da ban taɓa zato ba. Ranar shuka na durƙusa a bakin gona na yi addu'ar da Baba yake yi. Ina sara, jikata tana bina a baya tana zuba iri, tana rufewa da ɗan diddigenta.