Da Sauƙi

A layin masu gyara, tsakanin mai faci da mai ɗinkin takalmi, akwai wani shago da ba ya rabo da iska ko da gari ya ɗauki zafi. Shagon Mai Fanka ke nan, wani dogon mutum wanda hannunsa ya fi bakinsa aiki. Fankoki ne ko'ina, wasu a rataye, wasu a tsaye, wasu an kwance su tun bara masu su sun yi ɓatan dabo. A kusurwa, kan benci mai ƙafar bulo, nan ɗansa yake zama.

Yaron ya girma har gemu ya fara tsiro masa, amma layin bai san shi da wani suna ba sai Mai Jiki. Ba da mugunta aka raɗa masa ba. Tun yana ƙarami aka ga ba ya magana, ba ya kallon idon mutane, in an taɓa shi ba zato sai ya ƙwalla ihu. Duk wanda ya zo wucewa sai ya ce wa uban, "Ya mai jiki?" Uban ya ce, "Da sauƙi." Yau da gobe, gaisuwar ta zama suna.

Wata likita ta taɓa gaya musu sunan abin, otizim. Ta ce ba ciwo ba ne da allura take kora, haka kansa yake, sai dai a koya masa, su ma su koye shi. Uwar yaron ta ji ta riƙe. Dangi kuwa suka ce likitar ce ba ta iya ba, don a wurin dangi babu abin da ba shi da magani sai wanda ba a nema ba. Kowa ya san wani da ya warkar da ɗan wane. Mai Fanka ya bi su har ƙafarsa ta gaji. Ya daina sa rai, amma bai daina bi ba, don ƙin bin ma sai da ƙarfi, shi kuwa nasa ya ƙare. Da matarsa ta rasu sai ya koma kamar fankar da aka ɗauke wa wuta, tana juyi amma ba da ranta ba. Ya buɗe shago, ya rufe shago, ya yi wa yaro wanka, ya amsa gaisuwa.

Shi yaron fanka ce abokiyarsa. Da an kunna sai ya matso gabanta yana karkaɗa yatsu, yana wani gunji a maƙogwaro daidai da sautinta, fuskarsa a sake. Mai faci yakan ce, "Ɗan nan naka ya fi rediyona, shi ba ya cin batir." In babbar mota ta danna oda kuwa, ranar layin kowa sai ya ji a jikinsa, don yaron yakan toshe kunne ya yi ta ihu yana buga kai da bango har sai uban ya rungume shi ta baya.

Kalmominsa ba su da yawa, kuma duk na aro ne. Akwai "ruwa", akwai "a kashe". Akwai kuma "da sauƙi". Ranar da ya dafa ƙarfen liƙe waya da zafinsa bai yi kuka ba, ya riƙe hannun yana cewa, "Da sauƙi, da sauƙi." Haka ya faɗa lokacin da haƙori ya kumbura masa kunci. Haka ya yi ta faɗa ranar da aka fita da uwarsa. Mai Fanka ya lura, ya ajiye a ransa, bai ga wanda zai gaya wa ba.

Ana nan sai yayar Mai Fanka, wadda kowa yake kira Gwaggo, ta zo da wata kwalba marar rubutu. Ta ce daga wurin wani mutum ta karɓo, wanda irin su Mai Jiki suke shiga hannunsa su fito garau. A yi wa Gwaggo adalci, tana son yaron, ita take wanke masa kaya tun rasuwar uwarsa.

"Yaya, an gwada irin wannan," in ji Mai Fanka.

"An gwada wasu, ba wannan ba. Kai ba za ka dawwama ba, ni ma haka. In muka kau, wa zai riƙe ƙato yana buga kai da bango? Faɗa mini."

Tambayar nan ita ce take kwana da shi. Ya karɓi kwalbar, cokali safe, cokali yamma.

Abin kuwa ya yi aiki, in aiki ne sunansa. Ihu ya tsaya. Motoci suka yi ta oda, yaro ko gezau. Layin ya ɗauka ya warke, mai ɗinkin takalmi har da neman kwatancen gidan mutumin. Gunjin ma ya tsaya, amma wannan ba wanda ya ambata. Yaron yakan wuni a benci kai a langwaɓe, yawu na zuba, a kunna fanka a gabansa ba ya ko ɗaga ido. Mai Fanka bai yi murna ba, bai kuma yi baƙin ciki ba. Gaskiya dai ya sami barci, aikinsa ya yi sauri, kuma shirun bai yi masa ɗaci yadda ya kamata ba.

Da kwalbar ta kusa ƙarewa Gwaggo ta zo da ta biyu, da la'asar, ta ajiye ta kan tebur, ta zauna a bakin shago tana fifita da gefen mayafi ga fankoki birjik. Mai Fanka ya tsiyaya cokalin yamma ya durƙusa gaban ɗansa. Yaron ya ɗago da ƙyar, ya dubi cokalin, ya buɗe baki a hankali.

"Da sauƙi," ya ce. "Da sauƙi. Da sauƙi."

Gwaggo ta tafa hannu, idonta ya kawo ruwa. "Ka ji da bakinsa! Ka ji ko? Shi da kansa ya faɗa!"

Mai Fanka ya daɗe a durƙushe. Wani abu da ya yi shekaru a daskare ya motsa a ƙirjinsa, kuma ciwo ne zalla. Ya mayar da maganin cikin kwalba, rabi ya zube a ƙasa, ya toshe ta.

"Ya isa, Yaya. Gobe zan kai wa likita kwalbar nan ta ga abin da muke ɗura masa."

"Kai, lafiyarka? Yaro yana cewa da sauƙi!"

"Ba ya faɗin haka sai yana jin ciwo. Ranar da ya ƙone haka ya ce. Ranar da uwarsa ta tafi haka ya ce."

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Yau na ji ikon Allah. Mutum yana shan wuya ya ce da sauƙi? A ina ya koyi wannan juyayyen zance?"

Daidai nan mai faci ya leƙo da taya a kafaɗa, ko tsayawa bai yi ba.

"Mai Fanka, ya mai jiki?"

"Da sauƙi," in ji Mai Fanka, bakinsa ya riga shi.

Gwaggo ta dubi ƙanenta, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta miƙa hannu ta ɗauki sabuwar kwalbar daga kan tebur, ta mayar cikin jakarta.