Tokar murhuna a bakin hanyar Samnu

Shekarar da kwalta ta taso daga Sabha ta bi ta gefen Samnu, ni da maigidana muna zaune a bukka cikin garkar dabinon wani tsoho Balarabe. Fari ne ya koro mu daga Damagaram. Shi yana ban ruwa, ni kuma na kafa duwatsu uku a bakin hanya ina dafa wa direbobin manyan motoci shinkafa da wake.

Kuɗin mai sun kwashe samarin garin kaf. Kowa ya tafi aikin gwamnati ko na kamfani, aka bar dabinai ba mai hawa ya sare musu busasshen ganye. Sai ka ga bishiya ta ɗaura zani har ƙasa, gindinta cike da ƙiraren da ko harara ka yi musu sai su kama. Garaken da ke can cikin rairayi, inda mota ba ta zuwa, ban taɓa jin sun ci wuta ba. Na bakin kwalta kuwa bi da bi suke ƙonewa. Direba zai tsaya a inuwa, ya hura gawayi, ya sha shayinsa, ya tura ƙasa da ƙafa sau ɗaya ya wuce. Wani ko tsayawa ba ya yi, guntun taba zai wurgo ta taga. Kowa ya san haka. Amma kafin hayaƙi ya tashi direba ya kai Sabha, ni kuwa ina nan da tukunyata.

Da garkar maƙwabta ta ƙone, tsohon ya kira maigidana. Ya ce ranar da gibli ke kaɗawa, wato iskar nan mai zafi ta kudu, kada in kuskura in hura wuta. In wuta ta taɓa masa dabino kuma aka tarar murhuna da ɗumi, mu tattara. Ba mu da takardu, ba mu da wani wurin. Na riƙe maganar nan da hannu biyu.

Ranar da abin ya faru gibli ta tashi tun hantsi. Maigidana yana can ƙarshen garka wajen rijiya. Ko ashana ban taɓa ba. Wani direba ya tsaya ya roƙi shayi, na ce yau babu. Ya zage ni da Larabci, na rama da Hausa, ya ja motarsa gaba kaɗan ya shige inuwar dabinai da butarsa.

Bayan azahar na ji ƙara kamar ana yaga sabon yadi. Na leƙo, sai ga dabinon farko ya kama tun daga gindi har kai. Wutar dabino ba ta bin ƙasa irin ta dajinmu, ta sama take tsalle. Ganye mai ci ya tsinke, iska ta ɗauke shi ta ɗora wa na gaba. Na ruga ina kiran mutane. Maigidana da 'yan ƙasarmu masu aiki a garaken kusa suka zo da shebur da bokitai, suka sako ruwan inji cikin kwalbatin ban ruwa. Layin dabinan bakin hanya ya tafi duka. Sauran Allah ya tsare.

Da la'asar ɗan tsohon ya kawo shi a mota. Tsohon bai kalli dabinan ba. Kai tsaye ya nufi murhuna, ya durƙusa ya cusa hannu cikin toka. Sai a lokacin na tuna tokar nan ta wuni a rana. A yankin nan na Fezan ko cokali ka bari a waje sai ya ƙona ka.

"Da zafi," in ji shi.

Na ce, "Ya Haj, rana ce. Taɓa rairayin gefe ka ji."

Ko kallona bai yi ba. Ya juya ga maigidana ya tambaye shi ko na hura wuta yau. Na saki numfashi, don na san wa na aura. Maigidana yana gefe, fuskarsa baƙi ƙirin da hayaƙi. Sai ya tako, ya durƙusa, shi ma ya sa hannu cikin tokar.

"Ban sani ba, ya Haj," ya ce. "Ina wajen rijiya."

Gaskiya ya faɗa, wajen rijiya yake. Amma wallahi wutar ba ta ƙona ni kamar wannan gaskiyar ba.

Tsohon bai kira 'yan sanda ba, ya dai ce kada gobe ta same mu a garkarsa. Da safe muka tsaya bakin kwalta da ƙullin kayanmu muna jiran motar Sabha. Maigidana yana riƙe da tukunyata, yana ta juya ta a hannu. Can ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ke, tsakaninki da Allah, ba ki hura ba ko?"

Mun zauna tare har tsufa, na haifa masa 'ya'ya, na yi jinyarsa. Har ya koma ga Mahaliccinsa ban ba shi amsa ba.