Darasin Ciki na Ranar Laraba

Ciwon baya ne ya kai ni, ba son rawa ba. Wannan nake fara faɗa wa duk wanda ya ji labarin, tun bai tambaya ba. Aikina na zama ne gaban kwamfuta, ga tsayuwa a jirgi daga Sevran zuwa Paris safe da yamma, har ƙuguna ya riƙe. Matar da ke yi mini gashin baya a asibiti ta ce in nemi abin da zai riƙa juya ƙugun. Ita ta nuna mini ajin rawar Larabawa da ake yi a zauren wasanni na unguwarmu, wadda Faransawa ke ce wa rawar ciki.

Mata ne zalla, mafi yawansu sun girme ni. Malamar 'yar asalin Aljeriya ce, gajera, mai murya irin ta 'yan tasha. Ranar farko ta ɗaura mini gyale mai kwabbai a ƙugu, ta ce in ɗage riga ta ga cibiya. Ni da ko a gidan biki a Maraɗi bakin ƙofa nake tsayawa ina riƙe wa masu rawa jaka. Na ɗage, amma ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga madubi bango guda, babu inda zan kai ido ban ga kaina ba. Kwabban kowa na kaɗawa tare, nawa sai an gama sannan su ce cas.

Ciwon bayan kuwa ya saki. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne daɗin da na fara ji. Mijina ya sani, dariya kawai yake yi, ban da shi ban gaya wa kowa ba. Gyalen ma cikin safa nake cusa shi don kada ya tona mini asiri a jirgi.

Ina da gwaggo a Lyon, ƙanwar mahaifina. Wurinta na zauna lokacin karatu, ita ta tsaya a aurena. Auren ya yi shekaru babu haihuwa, mun ga likitoci har mun gaji, dangi kuma sun daina tambaya, wanda ya fi tambayar ciwo. Wata ranar Alhamis ta kira ni.

"Duk Laraba in na kira ba ki ɗauka. Lahiya?"

"Lahiya lau, Gwaggo. Wani cours nake zuwa."

"Cours ɗin mi kuma? Ba ki ƙare karatu ba?"

Yaya zan ce wa matar da ta koya mini ɗaurin ɗankwali ina biyan kuɗi ina kaɗa ƙugu gaban madubi? Na yi ta in'ina, can na ce, "Na... na ciki ne, Gwaggo."

Sai ta ce, "Alhamdulillahi. To madalla." Ta kashe wayar. Na yi ajiyar zuciya, a ganina na sha da ƙyar.

Ranar Asabar sai ga saƙo wai tana tasha, in zo in tarbe ta. Da na isa na kai hannu zan ɗauki akwatinta, ta buge hannun. Ta ce mu biya kasuwar Château Rouge, ta sayi tsamiya da yakuwa da garin kunu, duk ta hana ni riƙe ko leda ɗaya. Ina ta mamaki. Sai da muka shiga jirgin Sevran, ta tsaya kan wani saurayi tana hararar sa har ya tashi, ta tura ni kan kujerar ita tana tsaye da tsufanta, sannan na gane. A ƙasar nan masu juna biyu suna zuwa darasi a asibiti kafin haihuwa. A wurinmu kuwa mace ba ta buɗe baki ta ce tana da ciki, in'inar nan da sunkuyar da kai su ne sanarwar. Kunyata ta rawa ta fito sanye da kayan wata kunyar, Gwaggo kuma ta karɓa da hannu biyu.

Har muka isa ban ɗaga kai ba. A falo ta buɗe akwati, ta fito da tsofaffin zannuwa masu laushi, waɗanda ta goyi 'ya'yanta da su. Tana ninke su tana murmushi, ba ta dube ni ba, don kada ta ba ni kunya.

Na shiga ɗaki na zaro gyalen daga safa, na kawo na ajiye gabanta. Kwabban suka yi ƙara.

"Gwaggo, rawa ce. Rawar ciki ake ce mata. Saboda ciwon baya."

Ta dubi gyalen, ta dubi cikina. Na so ta yi faɗa, da na samu sauƙi. Sai kawai ta mai da zannuwan cikin akwati ɗaya bayan ɗaya, ta ja zik.

"Na riga na shaida wa uwarki tun ranar," in ji ta. "Ke za ki kira ta ko ni?"

Na ce ni. Ta danna lambar ta miƙo mini.

Inna ta ɗauka da wata murya mai taushi da ban taɓa jin ta yi mini ba. Ta tambayi mai gidan, ta tambayi aiki, sannan a hankali ta ce, "Ina ƙarhin jiki?" A bayanta ina jin luguden taɓarya, ana dakan geron sadaka.

Na ce, "Inna, babu komai. Gwaggo ba ta fahimce ni ba ne. Rawa nake koyo."

Can ta ce, "To, Allah shi ba da sa'a." Kafin layin ya yanke na ji ta janye wayar daga bakinta, tana ce wa matan tsakar gida su bar dakan haka nan.