Injin Aski a Ƙasar Mutane

Tun yana saurayi, da inji ɗaya wani mai aski yake ciyar da iyalinsa. Da ya tafi ƙasar waje neman aiki, wani mai shagon aski ya ce zai gwada shi da askin kai ɗaya. Fulogin injin ya ƙi shiga soket, sai mai askin ya yanke shi, ya cusa wayoyin a soket ɗin da tsinken ashana, yadda ya saba. Bai san cewa ƙarfin wutar can rabin na gida ne ba. Injin ya yi ta gurnani yana tsige gashi.

"Malam, aski kake ko figar kaza?" in ji mai kan.

"Yallaɓai, don Allah ara min injinka," mai askin ya roƙi mai shagon.

Mai shagon ya dubi wayoyin, ya nuna masa ƙofa.