Telar da Ta Bi Ƙyallenta Har Masana'anta

Tun tana ƙarama ake kiranta Meyasa, don ba a gaya mata abu ta yi shiru. Ta girma, ta yi aure, ta haihu, mijin ya rasu, sunan bai sake ta ba, sai dai 'ya'yan 'yan'uwa sun ƙara masa Gwaggo. Shagon ɗinkinta yana tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da fenti.

Aikin da ya riƙe ta shekaru ba na sutura ba ne. Wani direban masana'antar man girki ne yake kawo mata yadi mai kaurin gaske, ta yanka shi murabba'i, ta huda tsakiya da kusurwoyi, ta daje bakin. Da ta tambaye shi amfaninsa, ya ce shi tuƙi ya sani. Mai agogo kuwa ya ce rigar marasa wuya ce. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne tsofaffin da ake dawo da su don ta yi musu faci: gefe ɗaya daƙal da datti, ɗayan kuwa da haskensa.

Wata safiya ta rufe shago ta shige gaban motar direban ta zauna.

"Gwaggo, ina zuwa?" in ji direba.

"Inda kayana suke zuwa."

A ƙofar masana'anta maigadi ya so ya hana ta shiga, amma mai kula da injin tacewa, wanda suke kira Sanƙo, da ya ji ita ce telar, ya ba ta hula ya ja ta ciki. Nan ta ga allunan ƙarfe jere kamar littattafai a kabad, kowanne sanye da ɗinkinta, an matse su gam. Ya nuna mata yadda famfo yake tura gurɓataccen mai ta hudar tsakiya, man ya cika ratar da ke tsakanin allunan, ya ratsa ƙyallen da ƙarfi, ya fita ta kusurwa. Dattin kuma ya maƙale a baya.

Sai ta lura man da ya fara fitowa tankin gurɓataccen man yake komawa. Ta tambayi dalili. Ya ce da fari ƙananan ɓarɓashi suna wuce ƙyallen, sai datti ya taru ya yi kauri, shi ne yake kama su.

Ta ɗan ɓata rai. "Wato dattin ya fi ɗinkina aiki ke nan?"

"Haba Gwaggo, in ba ƙyallenki, a ina zai zauna?"

Ta ja kujera ta zauna, ta ƙi tafiya. Ta sa wa allurar ma'aunin matsin injin ido tana hawa a hankali, man yana raguwa a bututu, garau kamar zuma. Da allurar ta kai jan layi aka kashe famfo, aka sassauta allunan, dattin ya dinga faɗowa fai-fai cikin baro. Ta gutsuri kaɗan, da ɗuminsa, ta murza, ta shinshina. Ta ce wannan kuma ina za shi? Sanƙo ya ce masu haɗa abincin kaji suke kwashewa, iyakar saninsa ke nan.

Da yamma ta tarar da wata mata a ƙofar shago tana cika tana batsewa a kan rigarta. Ta ba ta haƙuri, ta zaunar da ita, ta kwashe labarin injin kaf ta gaya mata.

Ba a yi mako ba ta nemi gidan masu abincin kajin, ta dawo da buhun abincin guda da 'yan tsaki a kwali. Yanzu da ido ya yi rauni, 'yarta ce a kan keken ɗinki. Ita tana bayan gida da kajinta, sun cika wurin har maƙwabta na ƙorafin cara.