Ruwan Gwangwani da Kawu Ya Sha

Jiya na ga mutanen Indiya a talabijin suna ɗora furanni a kan hoton wani shugabansu, wanda ya jagoranci rubuta musu tsarin mulki. Nan take marigayi kawuna ya faɗo mini a rai, don a bakinsa na fara jin labarin mutumin.

Ina budurwa a gidansa a Dingyaɗi, wata mata daga gidan majema ta shigo da rana tsaka ta roƙi ruwa. Warin fata na tashi a zanenta. Na ɓoye moɗarmu, na ɗebo mata a tsohon gwangwani. Ta dubi gwangwanin, ta dube ni.

Kawu na zaune kan buzu a tsakar gida, rediyo manne da kunne kamar kullum. Ya tashi ya ɗauko moɗar da na ɓoye, ya cika ya miƙa mata, shi kuwa ya shanye na gwangwanin, duk da tsatsar da ke ciki.

Da ta fita ya ce, "Ɗiyata, an yi wani yaro a Indiya, ɗan dangin da aka ƙyama, in ƙishi ya kama shi a makaranta sai dai a tsiyayo mai ruwa daga sama, kar bakinai shi taɓa moɗa. Shi yag girma yar rubuta ma ƙasar dokokinta. Ke mi kis sani game da wagga mata?"

Na kasa ɗaga kai. Da la'asar na taka har gidansu na ba ta haƙuri. Yau jikokinmu aji ɗaya suke.

Allah ya haskaka kabarin Kawu, ya sa mu gaji ko kaɗan daga halinsa.