Goruna Ukun Ticha Bitrus

Shekara tara ke nan da muka raka Ticha Bitrus makwancinsa. Shi Kirista ne, ni Musulmi, saboda haka ranar daga baya-baya na tsaya ina sauraron waƙoƙin da ban iya ba. Duk shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in tuna iyakacin karatuna aji huɗu ne na firamare. Wannan zurfin ilimi ne ya sa marigayin ya raɗa mini suna Farfesa, kuma sunan ya bi ni har yau a layin teloli na Suleja. Bana dai na ɗauki biro. Ilimin bai ƙaru ba, ruwa ne ke neman ƙare wa ɗan kada bai gama wanka ba.

Aikin koyarwa ne ya kawo Ticha garinmu daga ƙasar duwatsu, tun ana iya ƙirga motocin da ke wucewa Abuja da yatsu. Da ya yi ritaya sai ya samu 'yar gona a wajen dutsen Zuma, kafaɗa da kafaɗa da tawa. A nan na gano cewa mutumin da gwamnati ta amince wa da 'ya'yan jama'a shekara da shekaru yana da taɓin ciyawa.

Akwai wani ɗan fure da tsofaffinmu ke kira kwallin gona. Tsayinsa bai wuce ƙwauri ba. Yana buɗewa shuɗi da hantsi, kafin azahar ya rufe ido kamar ma'aikacin da ya sa hannu ya tafi. Ba ya fitowa a daji, ba ya yarda da tukunya a tsakar gida. Sai a kunyar dawa, inda fartanya ta motsa ƙasa. Akuya ba ta cinsa, ban kuma taɓa jin mai magani ya nemi saiwarsa ba. Na tambayi Ticha amfaninsa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Farfesa, kai ban da rage wa mutane yadi, mene ne amfaninka? Ga shi kuma an bar ka."

Yana da al'ada. Idan an zo maimai, wato noma na biyu, sai ya bar kunyar ƙarshe ta gefen gona ba a taɓa ba. Kunyar baƙo yake ce mata. A ɗakinsa kuma akwai goruna uku rataye, kowane da irin furen daga wuri dabam. Na Zuma dogo ne, shuɗinsa kamar an tsamo shi daga marina. Na Bagama gajere ne, ganye ya fi fure yawa, amma ko ruwa ya ɗauke mako biyu bai san ana yi ba. Na Lambata kuwa, Allah ya yafe mini, mummuna ne: koɗaɗɗe kamar rigar makaranta a zangon ƙarshe, ga nawa wajen fitowa.

Kowace kaka sai ya hau bayan babur ɗina mu tafi Lambata wurin wata tsohuwa Bagwariya, ya ba ta ɗan iri a ƙulle cikin tsumma, ita ma ta ba shi nata. Wai kai amarya muka je. Ina jan babur ina yi masa tsiya, cewa ban taɓa ganin biki ba goro ba tuwo, amarya kuma a aljihu. Da damina ya cakuɗa ukun ya yafa a kunyar baƙo. Ranar da ƙwari suka yi ƙaranci, da gashin kaza yake bi yana shafa wannan fure ya shafa wancan, babban mutum a durƙushe.

Da ciwo ya ci ƙarfinsa ya aika aka kira ni. Ya sa aka sauko da gorunan aka ajiye a gabana. "Ka riƙa haɗa su," in ji shi. "Kada ka zaɓa." Na ce to. Har na ƙara da cewa wasu ana bar musu fili, ni an bar mini ciyawa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Dariyarsa ta ƙarshe da na ji ke nan.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka bari in faɗi abin da na yi. Ni ɗan manomi ne. Tun ina bin mahaifina gona na san dokar iri: ranar girbi ka ware zangarniya mafi girma, mafi cika, ka rataye ta a inda hayaƙi ke kaiwa, sauran a ci. Haka kakanninmu suka yi, kuma ba su mutu da yunwa ba. Damina ta farko bayan rasuwarsa na yafa ukun a gefen gonata, na tsaya a kunyar baƙo na ga dogo na Zuma yana ƙyalli, ga gajere, ga koɗaɗɗe suna ɓata masa layi. Na ce a raina Ticha dai malamin allo da alli ne, noma namu ne. Zan gyara masa furensa, ya ji labari a can cewa aji huɗu ma aji ne.

Na tara irin na Zuma kaɗai. Shekara ta biyu na zaɓi mafi kyau a cikinsu. Ta uku, tushe ɗaya tak na ɗebi irinsa, wani sarkin kyau da har masu wucewa kan tsaya su duba. Goruna biyun na bar su a rataye har ƙwari suka mayar da abin da ke ciki gari. Ɗaya yanzu kanwa ce a cikinsa, maiɗakina ta ga bai kamata gora ya zauna banza ba.

Shekara huɗu ina cika baki. A ta biyar wata tsatsa ta hau ganyen, kuma a mako ɗaya ta kama su duka. Waɗanda suka tsira suka yi fure kamar kullum, amma da na murza kwanson sai holoƙo. Bara na yafa cikin tafin hannu, abin da ya tsiro bai kai talatin ba. Bana na juye goran gaba ɗaya, har na buga gindinsa. Goma sha ɗaya suka fito. Ina ƙirga su safe da yamma, ko lissafina ne ya gaza kamar yadda ya saba. Wannan karon bai gaza ba.

Rahila, babbar 'yar Ticha, malamar gona ce yanzu. Da kakar bara na kira ta ta zo ta duba, ina sa ran ta rubuta mini sunan magani. Ta durƙusa daidai yadda ubanta ke yi, ta murza kwanso biyu, sannan ta ɗago.

"Baba, ina sauran gorunan?"

Na ce mata na yi musu gyara.

"Waɗannan duk 'yan ɗaki ɗaya ne, Baba. Ciwon da ya kayar da ɗaya zai kayar da duka, kuma furen ba ya ɗaukar iri sosai daga ɗan'uwansa na jini. Dawarka kana zaɓa ta zauna lafiya ne saboda ga ta maƙwabta ko'ina, iska na kawo mata baƙon jini. Shi wannan ba shi da kowa."

Na ce ashe mummunan na Lambata yana da aiki. Ta ce wataƙila shi ne tsatsa ba ta iya kamawa. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da na fi samun sauƙi. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu magana, shi ke tsone maka ido.

Tun daga ranar babur ɗina bai huta ba. Na je Bagama inda Ticha ke ɗebo gajeren, na tarar da katangar bulo da ƙofar ƙarfe, mai gadi yana tambayata wa nake nema. Na ce wani gajere ne mai ganye da yawa. Ya ce babu mai wannan suna a gidan. Na je Lambata, aka ce tsohuwar ta rasu da daɗewa. Jikanta, magidanci mai kirki, ya kai ni gonar. Fes take, ko tsinke babu tsakanin kunya da kunya, ga famfon feshi jingine a gindin mangwaro. Ban ga laifinsa ba. Wanda bai taɓa wuni a sunkuye da fartanya ba shi ke zagin maganin feshi, kuma ni kaina ina fesa tsakiyar gonata. Sai dai maganin bai san kunyar baƙo ba.

Nakan tambayi kaina me Ticha zai ce da zai leƙo yau. Gidajen da suka cinye gonaki ba za su ba shi mamaki ba, ya hango su tun ana kafa turaku. Feshi ma ya gan shi kafin ya tafi. Ya san abin da ke tafe, shi ya sa ya tara ukun ya damƙa wa wanda ya fi yarda da shi. Ya yi wa furen katanga daga bulo da magani, bai yi masa daga abokinsa ba. Ina jin ba zai ɗaga murya ba. Zai gyara tabarau ya ce, "Farfesa, magana biyu na ba ka, ka faɗi jarrabawar."

Me ya rage na Ticha Bitrus? Ɗalibansa suna nan, wasu har da furfura, suna tuna bulalarsa da alheri. Rahila ta gaji durƙusonsa. Kunyar baƙo tana nan a gefen gonata, da tsiro goma sha ɗaya da za su buɗe nan da 'yan makonni, kuma goran babu ko ƙwaya. Idan suka yi holoƙo bana, iyakar abin da na sani, kwallin gona ya tashi daga ƙasar nan, kuma ni na buɗe masa ƙofa.

Saboda haka roƙo nake, ba wasa a ciki, ko da yake na san an saba jin wasa daga bakina. Manoman Lambata da ƙauyukan da ke bayanta, da duk mai gonar da feshi bai gama kaiwa gefenta ba: idan kun ga wani ɗan fure da hantsi a kunyar dawa, gajere ko koɗaɗɗe, wanda ba za ku so a gan shi a gonarku ba, ku ɗaga famfon ku bar masa taku ɗaya. Ku aiko layin teloli a ce ana neman Farfesa. Na tanadi gashin kaza, na zuba wa babur mai. Mai kyau ina da shi, ya kusa kashe gidan. Mummunan nake nema.